Guzurin Mai Shiga Jami'a: Nasiha Ga 'Ya'yan Zongo Da Iyayensu

Godiya ta tabbata ga Allah da Ya sanar da ɗan Adam abin da bai sani ba, tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, kowace shekara idan damina ta kankama a Lome, hankalin gidaje da yawa a Amoutivé da Agoè-Zongo yakan koma kan abu guda, wato jarrabawar bak ta biyu. Ranar da sakamako ya fito sai ka ji guɗa a wannan gida, ka ga ana rabon sadaka a wancan, iyaye mata suna ta karɓar barka. Wannan farin ciki ya dace, domin ba a kai ajin tarminal da wasa. Sai dai abin da muka lura da shi shi ne, da zarar an watse daga taron barka sai kowa ya miƙe ƙafa, alhali watannin nan biyu ko uku da ke tsakanin fitowar sakamako da buɗe jami'a su ne suka fi kowane lokaci buƙatar shiri. A cikinsu ne wani yake gina shekaru biyar masu zuwa, a cikinsu kuma wani yake asarar shekara ɗaya cur tun bai taka ƙofar aji ba.

Mu da muka tashi a zauren malamai, muka yi karatun allo da na littattafai sannan muka zauna a bencin lise, mun daɗe muna jin irin koke-koken da iyaye suke kawowa bayan sallar Isha'i: wannan ɗansa ya shekara uku a jami'a bai fita daga ajin farko ba, wancan an mayar wa 'yarsa da takardu saboda suna bai daidaita ba, wani kuma ya biya kuɗi masu yawa a makarantar da ba a san da shaidarta ba. Daga waɗannan koke-koke, da kuma abin da yayye da ƙannenmu da suka bi wannan hanya suka shaida mana, muka tattara wannan nasiha ga ɗalibanmu na tarminal, da waɗanda suka riga suka ci bak, da kuma iyayensu.

Me ya sa lamarin ya dame mu?

Kakanninmu sun sauka a wannan gaɓar teku da fatauci tun ƙarshen ƙarni na 19, lokacin da Jamusawa suka mayar da Lome babban birnin mulkinsu a 1897. Sun zo da goro da shanu da tufafi, amma ba su bar allo da tawada a baya ba. A Kete-Krachi, wadda a wancan zamani take ƙarƙashin Togo ta Jamus, Alhaji Umaru, haifaffen Kano, ya zauna yana karantarwa yana rubuce-rubuce da Larabci da Hausa har ya rasu a 1934. Ke nan al'ummar Zongo ba baƙuwar ilimi ba ce. Abin da ya zo mana a makare shi ne karatun lakwal, domin iyayenmu da yawa sun guje shi saboda tsoron kada 'ya'yansu su bar addini, kuma a lokacin suna da dalilinsu.

A 1977 aka rushe tsohon Zongo na tsakiyar birni, aka kai mutanensa arewacin gari, wajen Agoè. Dattawan da suka ga wannan rana suna nan da ransu, kuma darasin da suke maimaita mana shi ne, a lokacin ba mu da isassun mutanen da za su karanta takardar hukuma, su fahimci doka, su zauna a teburin da ake yanke shawara. Gida da rumfar kasuwa ana iya tashinsu cikin yini ɗaya, abin da ke cikin kai kuwa yana bin mai shi duk inda aka kai shi. Yau ma muna buƙatar likita mace da matanmu za su gani ba tare da jin nauyi ba, da lauyan da zai duba takardun filaye da na gado, da akawun da zai tsare lissafin 'yan kasuwarmu masu fitar da kaya daga tashar jiragen ruwa zuwa Nijar da Burkina Faso da Mali. Duk ɗalibin da ya shiga jami'a daga unguwar nan, da wannan nauyi yake shiga, ko ya sani ko bai sani ba.

A fara da takardu

Abu na farko da ke karya ɗalibanmu ba ƙarancin basira ba ne, takardu ne. Sunayenmu na Musulunci ana rubuta su da Faransanci ta hanyoyi daban-daban. Yaro guda sai ka tarar a takardar haihuwa an rubuta Aboubakar, a shaidar BEPC an rubuta Boubacar, a katin shaida kuma Abubakar. Mu a gida mun san mutum ɗaya ne, amma a wurin ma'aikacin rajista mutum uku ne. Haka abin yake da ranar haihuwa, musamman ga waɗanda ba a yi musu rajista da wuri ba sai daga baya kotu ta yi musu takardar da ake kira jugement supplétif.

Saboda haka tun kafin sakamako ya fito, ɗalibi ya shimfiɗa takardunsa duka a gabansa, ya gwada su harafi da harafi: takardar haihuwa, takardar zama ɗan ƙasa, katin shaida, shaidar BEPC, da takardar makin bak ta ɗaya. In ya ga saɓani, ya sanar da mahaifinsa a nemi gyara tun da sauran lokaci, domin gyaran suna ta hanyar kotu yake bi, kuma ba a gama shi cikin mako guda. Takardar zama ɗan ƙasa, wadda muke kira nasiyonalite, ita ce ta fi ɗaukar lokaci, kuma ana neman ta a wurin neman tallafin karatu na gwamnati da jarrabawar shiga manyan makarantu da ta ɗaukar ma'aikata. Iyalan da asalinsu yake Nijar ko Nijeriya ko Gana, kuma 'ya'yansu ba su riƙe da takardar Togo, su tanadi katin ofishin jakadancinsu, su kuma tambayi sharuɗɗan rajistar baƙi tun da wuri. Sannan a yi kwafin kowace takarda da yawa, a kai meri a buga musu hatimi, a adana na asali a wurin da ruwa da gara ba za su taɓa ba. Kada ka taɓa miƙa takardarka ta asali ga wani ɗan tsakani da ya ce zai sama maka gurbi. Zuwa da kai ya fi saƙo.

Zaɓen fanni

Jami'ar Lome an kafa ta a 1970 da sunan Jami'ar Bénin, aka canza mata suna zuwa na yanzu a 2001. Ta biyu ita ce Jami'ar Kara, wadda ta fara karatu a 2004, tana da nisan fiye da kilomita 400 daga nan. A Lome akwai tsangayar shari'a, FDD, da ta tattalin arziki da gudanarwa, FASEG, da ta kimiyya, FDS, da ta ilimin lafiya, FSS, da ta harsuna da adabi, FLLA, da ta ilimin ɗan Adam da zamantakewa, FSHS. Ban da tsangayoyi akwai makarantu da cibiyoyi na sana'a a cikin jami'ar, kamar ESA ta aikin gona, da ESTBA ta nazarin halittu da sarrafa abinci, da makarantar injiniyoyi. Bambancin da ya kamata kowa ya sani shi ne, yawancin tsangayoyi ƙofarsu a buɗe take ga wanda ya ci bak ɗin da ya dace, amma likitanci da makarantun sana'a ana tace masu shiga, ko dai ta jarrabawa ko ta duba maki. Sanarwar waɗannan takan fito ta rufe cikin ɗan lokaci. Ɗalibin da ya tafi hutu Sokodé ko Maraɗi bai bar mai duba masa sanarwa ba, sai ya dawo ya tarar an rufe.

Layin da ka bi a lise shi ne yake fara iyakance maka hanya. Mai bak A4 ya fi dacewa da shari'a da harsuna da ilimin zamantakewa. Mai C ko D shi ke da damar kimiyya da lafiya da aikin gona da injiniyanci. Mai G ya riga ya kama hanyar lissafin kuɗi da kasuwanci. Bayan layi sai a duba maki da idon gaskiya. Yaron da kullum yake samun 7 ko 8 bisa 20 a lissafi tun daga ajin sakan, kada a tura shi tattalin arziki don kawai ɗan maƙwabci yana can, domin lissafin da ya gudu a lise yana jiransa a can ya ƙara girma.

A nan muna roƙon iyayenmu da girmamawa. Mun san kowane uba yana so a kira ɗansa likita ko lauya, kuma wannan buri ne mai kyau. Amma likitanci yana cin shekaru bakwai ko fiye, yana kuma son wanda zuciyarsa ke wurin. A zauna da yaro, a kira malaminsa na lise ko wani yayansa da ya gama jami'a, a yi shawara, a yi istihara, sannan a yanke. Ku ma ƙannenmu, ku tambayi kanku: wane darasi nake iya zama a kansa sa'o'i uku ban gaji ba, kuma wanda ya gama wannan fanni ina yake samun aiki? Amsar tambaya ta biyu ba a samun ta a cikin takardar talla. Ku nemi mutum biyu ko uku da suka gama fannin shekaru biyar da suka wuce, ku ga abin da suke yi yau. Kuma kada kowa ya raina karatun sana'a na shekara biyu mai kaiwa ga BTS, ko makarantun horar da ma'aikatan jinya da ungozoma, ko makarantar horar da malamai ta Atakpamé. Sau da yawa waɗannan sun fi saurin kai mutum ga abin dogaro da kai.

Yadda karatun yake tafiya

Jami'o'inmu suna bin tsarin da ake kira LMD. Matakin farko shi ne lisans mai shekara 3, sai masta mai shekara 2, sai dakta mai shekara 3. An raba kowace shekara zango biyu, kuma a Jami'ar Lome ana kiran ɗaya zangon Harmattan, wato na hunturu, ɗayan kuma zangon Mousson, wato na damina. Kowane darasi yana da awonsa da ake kira kiredi. Zango ɗaya kiredi 30 ne, kuma sai ɗalibi ya tara kiredi 180 ake ba shi lisans. Darasin da ka ci da maki 10 bisa 20 ko fiye ya shiga aljihunka. Wanda ka faɗi kuwa ya zama bashi, yana bin ka har sai ka biya.

Wannan shi ne ramin da da yawa suke faɗawa. A lise mutum yakan rufe raunin wani darasi da ƙarfin wani, ya wuce aji. A nan kuwa ɗalibi zai iya ganin kamar yana gaba, yana zama da 'yan shekara ta uku, alhali yana ɗauke da bashin darussa huɗu na shekarar farko, wasu ma ba za a bar shi ya ɗauki na gabansu ba sai ya ci su. Ta haka lisans mai shekara 3 take komawa 5 ko 6. Dabarar ita ce a ɗauki zangon farko da dukan ƙarfi, kada a bar bashi ya taru, kuma in an faɗi darasi a sake shi a dama ta farko.

Abu na biyu shi ne 'yanci. A lise akwai mai tsaron da'a a ƙofa, akwai kiran suna, kuma malami ya san fuskarka. A babban zauren lacca, wanda ɗalibai ke kira amfi, kana cikin ɗaruruwan mutane, a wasu tsangayoyi ma fiye da haka, kuma ba wanda zai tambaya in ba ka zo ba. Wanda ya makara ba ya samun wurin zama a gaba, wanda ya zauna a can baya kuwa da ƙyar yake jin malami. Mu masu tashi sallar Asuba muna da riba a nan: wanda ya fita bayan salla zai riga cunkoson hanya, ya riga kowa kujerar gaba. Kada ka dogara da kwafin darasin da ake sayarwa a rumfunan hoto ko ake yaɗawa ta WhatsApp. Suna taimakawa, amma ba su maye gurbin kunnenka da alƙalaminka. Ka sake karanta darasin ranar kafin ka kwanta, ka kafa ƙungiyar bita ta mutum huɗu ko biyar masu himma, ka kuma nemi tambayoyin jarrabawar shekarun baya daga manyan ɗalibai.

Tarbiyyar makarantar allo tana da amfani a nan fiye da yadda muke zato. Wanda ya saba da wanke allo sai ya haddace, ya saba da tilawa da muraja'a, ya saba da durƙusawa gaban malami, ya riga ya mallaki haƙurin da karatun shari'a ko na likitanci yake nema. Abin da zai ƙara a kai shi ne fahimta da iya bayani da kalmominsa, domin malamin jami'a yana so ya ga ka warware matsala, ba ka maido masa da maganarsa kawai ba. Wannan kuwa yana buƙatar Faransanci mai ƙarfi. Mu da muke Hausa a gida, Mina a kasuwa, Larabci a makaranta, sau da yawa Faransancinmu na rubutu yakan yi rauni. A yi amfani da wannan hutu a karanta littattafai da jaridu, a riƙa rubuta shafi guda kullum. A kuma kama Ingilishi da kyau. Aflao tana nan a bakin ƙofarmu, Togo ta shiga ƙungiyar Commonwealth a 2022, kuma yawancin sababbin littattafan kimiyya da Ingilishi ake rubuta su. Haka nan duk wanda bai iya sarrafa kwamfuta ba ya koya yanzu, domin rajista da duba sakamako ta intanet ake yin su.

Lissafin kuɗi

Kuɗin rajista a jami'ar gwamnati ba shi ne babban nauyi ba. Abin da ke cinye aljihu shi ne na yau da kullum: kuɗin mota, abincin rana, kwafin darussa da kuɗin intanet. Daga Amoutivé zuwa jami'a, da ke kan babban titin Eyadéma, tafiyar 'yan kilomitoci ce, amma mai fitowa daga Agoè-Zongo in ya ce kullum zemijan zai hau zuwa da dawowa, kuɗin wata zai ƙare kafin tsakiyarsa. A bincika motocin SOTRAL, a haɗa kai da maƙwabta masu babur, ko a nemi keke. Cibiyar kula da walwalar ɗalibai, COUL, ita ke riƙe da ɗakunan kwana da wurin cin abinci, amma ɗakunan ba su isar masu nema, don haka a nema da wuri. Akwai tallafin karatu da kuɗin agaji da gwamnati ke bayarwa ta hannun ofishin Direction des Bourses et Stages bisa sharuɗɗan maki da shekaru. Wanda ya cancanta ya nema, amma kada gida ya gina lissafinsa a kai, domin ba a farkon shekara yake zuwa hannu ba.

Muna ba da shawara uba da ɗa su zauna da takarda da alƙalami, su rubuta abin da wata zai ci, su amince a kan abin da gida zai iya. Ɗalibin da ya san iyakar abin da ke hannunsa ya fi kwanciyar hankali a kan wanda kullum yake zuwa roƙo. In kana son taimaka wa kanka, koyar da yara darasi a gidaje ko zama a shagon gida ranar Asabar ba laifi. Amma mun ga waɗanda ɗanɗanon kuɗin tashar jiragen ruwa ko na kasuwar motoci ya janye su, suka ce za su dawo karatu baɗi, kuma baɗin ba ta zo ba har yau. Ka nisanci cacar ƙwallo ta waya, da kamfanonin da ke cewa ka zuba kuɗi ka kawo mutane ka yi arziki cikin wata uku. Haramcin caca a bayyane yake, kuma kuɗin rajistar ɗalibai da yawa a nan ya nutse.

Makarantu masu zaman kansu da ƙasashen waje

Lome cike take da manyan makarantu masu zaman kansu, wasu nagari, wasu kuwa allon talla ne kawai. Kafin a biya ko dala, a tambayi abu biyu: shin ma'aikatar ilimi mai zurfi ta amince da makarantar da kuma wannan fanni na musamman, kuma shin hukumar CAMES, mai mazauni a Wagadugu, wadda ke tantance shaidun manyan makarantu a ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci, ta amince da shaidar? A nemi ganin takarda, kada a wadatu da maganar baki. Araha ba ta ado, amma tsada ma ba ita ce shaidar inganci ba.

Masu son fita waje su bi ƙofofin da aka sani. Ƙasashe irin su Maroko da Turkiyya suna ba da guraben karatu, kuma ana neman su ta ofishin tallafin karatu ko ta shafin hukumar ƙasar kai tsaye. Faransa tana da nata ofishin Campus France. Duk wanda ya ce a ba shi miliyan ya samo biza da gurbi a ɓoye, a guje shi. Masu sha'awar Nijeriya, kamar Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ko Bayero ta Kano ko Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato, su sani da Ingilishi ake karatu, kuma sai an daidaita shaidar bak da tsarinsu.

Ga 'yan'uwanmu na makarantun Larabci masu burin Azhar ko Madina ko Jami'ar Musulunci ta Say a Nijar, muna yi musu fatan alheri, domin al'umma ba ta rayuwa sai da malamai. Sai dai mun ga da yawa sun dawo da ilimi mai zurfi amma ƙofar aiki ta ƙi buɗuwa saboda rashin Faransanci da wahalar daidaita shaida. Wanda zai iya haɗa bak ta gwamnati da shaidarsa ta Larabci ya yi, wanda bai samu ba kuma ya riƙe Faransancinsa, ya koyi wata sana'a a gefe, don kada wa'azinsa ya dogara da aljihun masu sauraro.

Addini da abokan zama

A Zongo ladan ne yake tashin mu, maƙwabci yana ganin wanda bai zo sahu ba. A jami'a ba mai ganinka sai Allah. Za ka tarar ana lacca a lokacin Azahar, wani lokaci jarrabawa ta faɗo cikin azumi. Ka san jadawalinka, ka kasance da alwala, ka san wurin salla mafi kusa da ajinka tun makon farko. Ƙungiyar ɗalibai Musulmi ta Togo, AEEMT, tana da mambobi a jami'a, kuma a cikinsu za ka sami manyan ɗalibai na fanninka da za su nuna maka hanya. In wata matsala ta fiƙihu ta taso, kamar ta haɗuwar jarrabawa da sallar Juma'a, ka tambayi malamin da aka san shi da ilimi, kada ka ɗauki fatawa daga kowane bidiyo. Ka kiyayi masu mayar da harabar jami'a fagen jayayyar ƙungiyanci, suna kafirta iyayensu da malaman da suka koya musu alif. Ba don wannan aka tura ka ba.

Yawancin abokan karatunka ba Musulmi ba ne, kuma haka muka saba zama a Amoutivé tun kakanni, tare da masu unguwa Ewe da sauran ƙabilu, cikin mutunci. Ka girmama kowa, ka yi bita da duk mai himma, ka taimaki wanda ya nemi taimako. In aka miƙo maka sodabi ko giya ka ƙi cikin ladabi ba tare da zagi ba, kuma ka tambayi abin da ke cikin tukunya kafin ka saya. Ka nisanci ƙwayoyi irin su tramadol da wasu ke sha wai don su jure karatun dare. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai, don haka ka duba wanda kake yawo da shi. Satar amsa kuwa ha'inci ce, tana iya jawo kora, kuma likitan da ya ci jarrabawa da sata rayukan mutane zai riƙe gobe.

Ga ƙannenmu mata

Har yanzu akwai gidajen da yarinya ke cin bak da maki mai kyau, sai a ce ya isa haka. Muna tunatar da iyayenmu cewa Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wadda ta rasu a 1864, malama ce marubuciya da ta kafa tsarin 'Yan Taru don ilimantar da mata har cikin ƙauyuka. Neman ilimin mace ba baƙon abu ba ne a gidan Musulmi. Aure da karatu kuma ba abokan gaba ba ne: in miji ya fito, a yi maganar ci gaba da karatu a fili tun kafin a sa rana, a gaban waliyyai da shaidu.

Ke kuma ƙanwarmu, ki riƙe suturarki da kamun kanki, ki sami abokiyar tafiya musamman ranar da darasi ya kai dare. In wani malami ko ma'aikaci ya nemi ya sayar miki da maki da mutuncinki, kada ki yi shiru don kunya. Ki adana saƙonninsa, ki gaya wa mahaifiyarki ko yayarki, a kai ƙara ga hukumar makaranta. A ƙarshen 2022 Togo ta kafa doka ta musamman don kare ɗalibai daga cin zarafi irin wannan. Iyaye kuma, in 'ya ta kawo irin wannan kuka, kada hukuncin ya zama cire ta daga makaranta, domin yin haka shi ke sa sauran su ɓoye.

Kalma ga iyaye da shugabannin unguwa

Ba sai uba ya iya Faransanci ba kafin ya bibiyi karatun ɗansa. A ƙarshen kowane zango ya ce a kawo masa takardar maki, ya kira wani amintacce ya karanta masa, ya yi tambaya guda: kiredi nawa aka ci cikin 30? Iyaye mata kuma su rage wa 'yan mata aikin gida a lokacin jarrabawa, a kuma sama wa ɗalibi wuri mai fitila da shiru ko da kusurwar zaure ce. Muna kira ga masallatanmu da 'yan kasuwarmu da su tanadi wani abu don marayu da 'ya'yan marasa ƙarfi da suka ci bak, domin kuɗin motar wata ɗaya kan raba yaro da karatu. Yayyen da suka gama jami'a kuma su ware yini guda kafin a buɗe, su zauna da sababbin ɗalibai, kowa ya kama hannun mai bin fanninsa.

Allah Ya ba 'ya'yanmu da ƙannenmu ilimi mai amfani, Ya tsare musu imaninsu da mutuncinsu, Ya saka wa iyaye da malamai da alheri. Waɗanda ba su samu bak a bana ba, Allah Ya ba su haƙuri da nasara a shekara mai zuwa. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.